Na'urar da ke tuƙa ƙaramin jirgin sama: kafin a saya, sai an duba allon da za ta zauna da shi

A ƙasar Amurka, inda ƙananan jiragen sama suka fi yawa a duk duniya, akwai wani ciniki da ya kankama tun daga shekarar 2017, wanda muka ga ya dace mu kawo muku labarinsa, ku ƴan kasuwa maza da mata masu karanta wannan shafi. Cinikin kuwa shi ne na na'urar da ke riƙe wa matuƙin jirgi tuƙi yayin da yake sama, wadda masu jin Faransanci ke kira pilot otomatik, mu kuma a nan za mu riƙa ce mata na'urar tuƙi. Wani zai ce, to ina ruwan mai sayar da tattasai a kasuwar Dole ta Damagaram da kayan jirgin sama? A yi haƙuri a biyo mu. Duk Hajiyar da ta taɓa sayen injin markaɗe da arha, daga baya ta tarar babu kayan gyaransa a garin kaf, ta riga ta san rabin zancen da za mu yi.

Jiragen da muke magana a kansu ba irin manyan nan ba ne masu kai alhazai Jidda. Ƙanana ne, masu farfela guda a hanci, masu ɗaukar mutum huɗu ko shida. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956 a garin Wichita na jihar Kansas, kuma an ƙera fiye da 44,000, abin da ya sa babu wani jirgin sama da ya kai shi yawa a tarihi. Da yawa daga cikin waɗanda ke tashi yau an yi su ne tun shekarun 1960 da 1970. Ke nan masu su suna cikin halin mai tsohuwar Fijo 504 ne: gangar jiki da ƙarfinta, inji an sha gyara shi yana ja, amma kayan gaban direba sun tsufa, kuma sabuwa ta fi ƙarfin aljihu. Sai a zauna a yi lissafi a ga me za a canja.

Me ya sa ake kashe kuɗi a kanta?

Dalili na farko gajiya ce. Irin wannan jirgi yana gudun kamar kilomita 220 a awa, wato da za a ɗauke shi daga Yamai zuwa Damagaram sai ya haura awa uku a sama. Matuƙi kuwa shi kaɗai ne, ba shi da mataimaki a gefe. Shi ke riƙe da abin tuƙi, shi ke magana da ma'aikatan hasumiya, shi ke duba taswira, shi ke lura da mai, kuma babu bakin hanya da zai raɓe ya miƙe ƙafa ya sha shayi.

Dalili na biyu shi ne mai nauyi, domin zancen rai ne. Ɗan Adam yana sanin tsayuwarsa da karkatarsa ta hanyar ido da kuma wani ruwa da ke cikin kunnensa. Muddin matuƙi yana hango inda sama ta haɗu da ƙasa, to lafiya lau. Amma da zarar girgije ko duhu ko hazo ya rufe masa wannan layi, sai kunnen ya fara yi masa ƙarya. Jirgi na iya karkata sannu a hankali ba tare da ya ji komai a jikinsa ba, idan ya zo gyarawa kuma sai jikin ya ce masa yanzu ne ya karkace, sai ya koma cikin kuskuren da ƙafarsa. Daga nan jirgi ya shiga juyi yana gangarawa. A shekarar 1954, jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba a koya musu tuƙi da agoguna kaɗai ba, aka rufe musu ganin waje. Dukansu jirgi ya kuɓuce musu, kuma idan aka raba lokacin daidai, kowane ya yi daƙiƙa 178 ne kafin ya rikice. Ko minti uku bai cika ba.

Haka ta faru da ɗan tsohon shugaban Amurka John Kennedy, ranar 16 ga watan Yuli na 1999. Ya tashi da dare cikin ƙaramin jirginsa samfurin Piper Saratoga, shi da matarsa da yayar matar, ya bi ta kan teku cikin hazo, ya faɗa ruwa kusa da tsibirin Martha's Vineyard, babu wanda ya tsira. Masu bincike sun ce injin bai samu matsala ba, ruɗewar matuƙi ce. Mu da muke ganin yadda ƙurar hunturu ke rufe gari daga Disamba zuwa Fabrairu, har a dakatar da saukar manyan jirage a wasu ranaku, ba sai an yi mana dogon bayani a kan hazo ba. Ita na'urar tuƙi ba ta da kunnen da zai yi mata ƙarya, kuma ba ta jin barci.

Abin ya daɗe. Ranar 18 ga watan Yuni na 1914, wani saurayi Ba'amurke mai shekara 21, Lawrence Sperry, ya bi ta saman kogin Sen kusa da birnin Paris a gaban alƙalan wata gasa, ya ɗaga hannuwansa biyu sama, makanikinsa Emile Cachin kuma ya fita ya taka fiffike, jirgi bai karkace ba. Ya ci kyautar faran 50,000. Asirin na'urarsa shi ne wani ƙarfe mai juyawa da sauri ƙwarai. Duk wanda ya yi wasan katantanwa yana yaro ya san cewa muddin tana juyawa, tsaye take, ko an ɗan karkata faifan da take kai. A kan wannan hikima aka gina kayan tuƙin jirage na kusan shekara tamanin. A 1933 ma, da irin na'urar kamfanin Sperry ne Wiley Post ya zagaya duniya shi kaɗai cikin kwana bakwai da awa goma sha takwas da ƴan mintoci.

Ido da ƙwaƙwalwa da hannu

Kowace na'urar tuƙi aiki uku take buƙata. Sai ta san halin da jirgi ke ciki, sai ta yanke shawarar abin da za a gyara, sannan sai ta samu hannun da zai ja. Hannun shi ne wasu ƴan injunan lantarki da ake ɗaurawa cikin fiffike da wutsiya, suna jan wayoyin ƙarfe irin waɗanda matuƙi ke ja da hannunsa. Ɗaya na hana karkata hagu ko dama, ɗaya na ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, wani lokaci a ƙara na uku mai daidaita ɗan fiffiken wutsiya domin tuƙi ya yi sauƙi. Wannan ɓangare ba shi da wuyar ganewa. Inda rigimar take shi ne ido: daga ina na'urar za ta samu labari?

A tsohon tsari, gaban matuƙi agoguna shida ne masu allura, kowane da aikinsa: na gudu, na tsawo daga ƙasa, na karkata, na alƙibla, na saurin hawa ko sauka, da na juyi. Tsofaffin na'urorin tuƙi sukan jingina da ɗaya daga cikinsu. Wasu, kamar na kamfanin S-TEC na jihar Texas, suna sauraren agogon juyi ne mai aiki da lantarki. Suna da juriya, amma sai jirgi ya fara juyawa tukuna suke sani, saboda haka cikin iska mai girgiza sukan yi ta yawo hagu da dama kamar sabon direba. Wasu kuma suna sauraren agogon karkata, sun fi laushin hannu, sai dai katantanwar wannan agogo wani famfon iska ne ke juya ta, famfon kuwa ya yi ƙaurin suna wajen mutuwa ba sallama. Idan ya mutu, agogon ba ya tsayawa nan take, a hankali yake kwantawa, na'urar tuƙi kuma ta bi shi da biyayya har ta kwantar da jirgin.

Sai zamani ya zo da allo. A 2003 kamfanin Cirrus ya fara fitar da ƙananan jirage da allo irin na talabijin na kamfanin Avidyne a madadin agogunan nan, a 2004 kuma kamfanin Garmin ya fito da nasa mai suna G1000. Babu sauran ƙarfe mai juyawa. Wasu ƴan ƙwayoyin lantarki ne ke jin motsi, dangin waɗanda ke cikin salularku masu sa hoto ya juya idan kun juya wayar, sai dai na jirgi sun fi inganci nesa ba kusa ba. Allo guda ya tattara komai, har da taswira da hanyar da tauraron ɗan Adam ke nunawa.

To a nan ne aka ga abin da rashin jituwa ke haifarwa, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa. Jiragen Cessna na farko da suka fito da allon G1000 an haɗa su ne da na'urar tuƙi ta wani kamfani daban, mai suna KAP 140 ta BendixKing. Ita wannan na'ura ba ta iya karɓar labarin karkata daga sabon allon ba. Me aka yi? Sai aka ɓoye mata tsohon agogon juyi a bayan allon, inda matuƙi ba ya ganinsa, tana saurarensa ita kaɗai. Ba a nan abin ya tsaya ba. Jirgi yana gane tsawonsa daga ƙasa ne ta hanyar auna nauyin iska, nauyin iskar kuwa yana canjawa daga gari zuwa gari, daga safe zuwa yamma, shi ya sa ma'aikatan hasumiya ke ba matuƙi lambar da zai saita. A waɗannan jirage sai matuƙi ya saita lambar sau biyu, ɗaya a allo, ɗaya a na'urar tuƙi. Idan ya saita ɗaya ya manta ɗaya, allo zai ce ga tsawon da ake, na'ura kuma ta tsayar da jirgi a wani tsawon daban. Ku ɗauka mai hatsi ce da tiya biyu a rumfa guda, ita tana awo da ɗaya, yarinyarta tana awo da ɗaya, kuma ba girmansu ɗaya ba. Ba a daɗe ba Cessna ta koma sa na'urar Garmin ɗin kanta, GFC 700, wadda ke cin abinci kwano ɗaya da allon: lamba guda, awo guda.

Kasuwa ta buɗe

Shekaru da yawa wannan daɗi na masu sayen sabon jirgi ne kawai. Mai tsohon jirgi sai kallo, domin dokokin hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, sun sa neman izinin sabon kaya yana cin kuɗi mai yawa, kuɗin kuma a kan mai saye yake ƙarewa. Abin mamaki, masu haɗa jirginsu da hannunsu a gida, waɗanda dokar ta yi wa sassauci, sun daɗe suna amfani da allo da na'urar tuƙi masu kyau da rahusa. A 2016 hukumar ta fara sassautawa, ta bari a sa irin waɗannan kaya a jiragen da kamfani ya ƙera. A shekarar Garmin ta samu izinin wani ɗan ƙaramin allo mai suna G5, wanda ke shiga daidai ramin tsohon agogo. A watan Yuli na 2017 ta sanar da na'urar tuƙi GFC 500 a kan dalar Amurka 6,995, wato wajen miliyan 4 na kuɗin sefa a canjin lokacin. A kasuwar kayan jirgi wannan araha ce ta ban mamaki, masu jirage suka yi ca.

Amma ɗan kasuwa ya san cewa kuɗin da aka rubuta a jikin kaya daban, kuɗin da zai kai shi gida daban. Ita GFC 500 ba ta da ido nata na kanta. Dole sai da allon Garmin a gefenta, ko G5, ko GI 275, ko babban allon G3X Touch. Wanda ya riga ya kashe kuɗi ya sa allon wani kamfani, to sai ya ƙara sayen na Garmin, ko da ƙaramin ne, kafin ta motsa. Kamfanin Dynon na jihar Washington, wanda ya samu izinin sa allonsa SkyView HDX a Cessna 172 a 2018, shi ma haka ya tsara: ƙwaƙwalwar na'urar tuƙinsa cikin allon take, injunan hannu kawai ake ƙarawa, kuma ba sa jin maganar allon kowa sai nasa. Duk mai salula ya san wannan wasa, tun zamanin da kowane kamfani ke da bakin cajarsa.

Akwai masu bin wata hanya. S-TEC 3100 tana ɗauke da idonta a cikinta, tana iya zama da allon kamfanoni daban-daban, kuma wanda jirginsa ke da tsofaffin injunan hannu na S-TEC yana iya barin su a wurinsu, ya rage kuɗin aiki. Akwai kuma ƴan akwatunan da aikinsu tafinta ne kawai. Kayan jirgi ba harshe ɗaya suke ji ba: tsofaffi suna magana da hawa da saukar ƙarfin lantarki, sababbi suna magana da lambobi, su ma lambobin kashi-kashi ne, akwai wanda aka aro daga motoci, akwai na jiragen sama zalla. Saboda haka kamfanin Aspen ya yi akwatin EA100, Garmin ta yi GAD 43, domin sabon allo ya iya ba tsohuwar na'urar tuƙi labari da harshen da take ji. Dabara ce mai kyau ga wanda tsohuwar na'urarsa ke da sauran ƙarfi. Sai dai duk wanda ya taɓa ciniki a Kwatano ko Dubai ta bakin tafinta ya san ba duk magana ce ke isa ba, kuma ran da ciniki ya ɓaci, mai kaya zai ce laifin tafinta ne, tafinta ya ce na mai kaya ne. Haka makanikan jirgi ke fama: mai allo ya ce a tambayi mai na'ura, mai na'ura ya ce a tambayi mai allo, jirgi na zaune a rumfa.

A ganinmu, wanda zai tuɓe gaban jirginsa gaba ɗaya, gara ya ɗauki allo da na'ura daga gida ɗaya, ya san cewa ya shiga gidan ke nan, fita kuma sai da asara. Shi ya sa zaɓen allo ne ke gaba. Wanda ya fara sayen allo don ya ga ya yi kyau a ido, bai tambayi wace na'urar tuƙi ce za ta zauna da shi ba, ya riga ya yanke hukuncin da bai san ya yanke ba.

Sai zancen takarda, wanda shi ke kayar da mutane da yawa. Ba a ɗaura wa jirgi ko da ƙusa sai da izini. Kowace na'urar tuƙi sai an gwada ta a kan kowane samfurin jirgi, an tashi da ita, an ga yadda take yi idan ta lalace, sannan hukuma ta ba da takardar da ake kira STC. Takardar Cessna 172 ba ta yi wa Cessna 182 aiki, wani lokaci ma samfuri ɗaya ne amma shekarar ƙira ta raba su. Allon Dynon yana da izinin shiga ɗaruruwan samfurori, amma izinin na'urar tuƙinsa bai kai ko kusa da haka ba, ɗaya bayan ɗaya ake bayarwa. Akwai masu jiragen da suka sa allo bisa alkawarin cewa takardar jirginsu tana nan tafe, suka shekara suna jira. Alkawarin ɗan kasuwa dai kun san shi, ba a zuba shi a tukunya. Jirgin da ke da rajistar wata ƙasa kuma sai hukumar ƙasar ta amince da takardar. A Turai EASA ce, a nan Nijar kuwa ANAC.

Kuɗin aiki shi ma abin dubawa ne. Sai an buɗe fiffike da wutsiya, an ja sababbin wayoyi, an cire tsofaffi, an sake auna nauyin jirgi, kuma sau da yawa ladan makaniki kan kamo kuɗin kayan ko ya wuce. Jirgi kan yi makonni bai tashi ba. Bayan an gama ma ba a rabu da kamfani ba, domin waɗannan kaya da manhaja suke aiki, manhaja kuwa ana sabunta ta. A ƙarshen 2022 Garmin da kanta ta gargaɗi masu GFC 500 da ke da injin daidaita wutsiya cewa yana iya motsawa ba a umurce shi ba, ta ce a kashe shi har sai an sa gyararriyar manhaja. Wanda ke kusa da wakilin kamfani, aikin yini guda ne. Wanda jirginsa ke aiki a yankin Sahel kuwa, inda zafi da ƙura ke cin kayan lantarki, wakili kuma yana wata ƙasa, wannan tambaya ta wa zai gyara ta fi tambayar nawa ne nauyi.

Abin da jituwa ke saye

To me mutum ke samu idan allo da na'ura sun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya? Babban abu shi ne na'urar tana faɗin abin da take yi, a daidai inda idon matuƙi yake. A saman allon Garmin akwai wani layi: abin da aka rubuta da kore shi ne aikin da na'urar ke yi yanzu, abin da aka rubuta da fari shi ne wanda take jiran lokacinsa. Wannan kamar ƙaramin abu ne, amma an yi asarar rayuka a kansa. Ranar 29 ga watan Disamba na 1972, wani babban jirgin kamfanin Eastern ya doso Miami da dare, sai wani ɗan ƙwan fitila da ke nuna saukar tayar gaba ya ƙi kamawa. Matuƙan suka duƙufa a kan ƙwan, suna zaton na'urar tuƙi na riƙe da tsawon jirgi, alhali an ɗan taɓa abin tuƙi ta saki. Jirgi ya yi ta sauka a hankali har ya faɗa cikin fadama, mutum 101 suka rasu. Mu ma'aikatan radiyo mun san halin inji mai aiki shi kaɗai: kwamfutar da ke sakin shirye-shirye da dare abin da aka jera mata take saki, ba abin da aka yi niyya ba.

Wani amfanin ya shafi hawa. Tsohuwar na'ura idan aka ce mata ta hau da sauri kaza, to za ta yi ta ɗaga hanci don ta cika umurni, ko da inji ya gaza, har gudu ya ragu fiffike ya daina ɗaukar jirgi. A ranar zafi irin ta watan Afrilu, lokacin da iska ke yin sakayau inji ya rasa ƙarfi, wannan haɗari ya fi kusa. Na'urar da ke karɓar labarin gudu daga allo ana iya ce mata ta riƙe gudu kaza, ta hau gwargwadon abin da inji zai iya, kuma idan gudu ya yi ƙasa da yawa ita da kanta take sunkuyar da hanci.

Akwai kuma shuɗin maɓalli, wanda Cirrus da Garmin suka fito da shi a 2008, yanzu kuma har a GFC 500 akwai shi. Matuƙin da ya ruɗe cikin hazo, bai san sama ba bai san ƙasa ba, danna shi kawai zai yi, na'ura ta miƙar da fikafikai ta daidaita hanci, ya samu ya dawo cikin hankalinsa. Ko na'urar tana kashe ma, idan jirgi ya karkata fiye da kima sai matuƙi ya ji ana ɗan tura hannunsa zuwa daidai. Daga 2020 abin ya kai ga wasu jirage masu tsada, irin su Piper M600, suna da maɓallin da fasinja zai danna idan matuƙi ya suma, jirgi ya zaɓi filin sauka, ya sanar da hasumiya, ya sauka ya tsaya da kansa. Wannan kam sai komai na jirgin ya kasance a hannun tsari ɗaya, tun daga mai har birki.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Idan na'ura ta dogara da allo, ran da allon ya mutu ita ma ta tafi, kuma a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Shi ya sa masu hankali ke sa allo biyu, ko su ajiye ƙarami mai batirin kansa. Batirin G5 yana iya kai awa huɗu bayan wutar jirgi ta ɗauke. Kuma kada a ɗauka allo shi kaɗai yana tsare rai. A 2010 hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta duba ƙananan jirage kimanin 8,000 da aka ƙera tsakanin 2002 da 2006, ta tarar masu allo sun fi ƙarancin haɗari a jimla, amma haɗarinsu ya fi yawan kisa, ta kuma ce ba ta ga ƙarin tsaron da aka yi zato ba. Shawararta ita ce a ƙara koyar da matuƙa kayan da ke gabansu, domin allon wannan kamfani da na wancan ba a danna su iri ɗaya. Mai saye da ya ware kuɗin kaya da na makaniki, bai ware na malamin da zai tashi da shi awoyi yana nuna masa ba, lissafinsa bai cika ba.

Abu na farko da malamin ke koyarwa kuwa shi ne yadda ake kashe ta. A kan abin tuƙi, daidai ƙarƙashin babban yatsa, akwai jan maɓalli, da an danna na'ura ta saki jirgi tana ƙara don a sani. Idan wannan ya ƙi, akwai maɓallin yanke mata wuta, wanda makanikai kan sa wa zobe mai launi domin hannu ya same shi cikin duhu. Kafin kowane tashi, tun jirgi na ƙasa, matuƙi kan kunna ta, ya kama abin tuƙi ya murɗa da ƙarfi ya tabbatar hannunsa ya fi nata ƙarfi, sannan ya danna jan maɓallin ya ji ta saki. Littafin GFC 500 ya hana a bar mata tuƙi ƙasa da ƙafa 800 daga ƙasa, wato kamar mita 240, sai fa lokacin gangarowa sauka, inda aka yarda ta kai ƙafa 200, kamar mita 60. Daga nan zuwa taɓa ƙasa, hannun matuƙi ne.